Gonar Bayan Gawo

Ina tsugune a gonar Liman ina duba tsiron gero, kwana tara da saukar ruwan shuka, sai wayar aiki ta yi ƙara a aljihuna. Na goge hannu a jikin wando na ciro ta. Sunayen waɗanda za a ba takin zamani ne suka fito, na ƙauyuka ukun da ke hannuna a ƙasar Makoɗa. Na bi su da yatsa har ƙasa. Can ƙarshe akwai waɗansu da aka ware, an rubuta a kansu cewa an cire su saboda maguɗi. Na biyu a cikinsu Baba Inuwa ne, dattijon unguwarmu. Na uku Tukur, taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina. Liman yana tsaye a kaina yana jiran ya ji ko sai ya sake shuka inda geron ya yi giɓi. Na ce masa ya ƙara kwana uku ya gani, na hau babur na tafi.

Ina rubuta wannan ne saboda ku matasa da aka ɗauka aikin malamin gona a yanzu. Kwanan baya na ji ɗaya daga cikinku a kasuwa yana gaya wa abokinsa cewa aikin ba komai ba ne, zagaya gona ne da waya a hannu, ita ke awo, ita ke rubutu, kai dai ka iya tafiya. Shekara talatin da ɗoriya na yi a aikin, kuma da waya na ƙarasa shi, don haka ba zan ce muku ba ta iya awo ba. Ta fi ni iyawa. Abin da zan faɗa muku daban ne.

Gonar farko da na auna, Malam Garba ne ya riƙe mini bakin igiya. Shi ne malamin gonar da aka haɗa ni da shi lokacin da na fito daga makaranta, mutum ne gajere mai ƙarancin magana. Kayan aikinmu igiya ce mai ƙulli a kowane taku goma, da turakun ƙarfe biyu, da littafi mai baƙin bango, da fensir da ake ɗaure wa zare don kada ya ɓace a cikin huɗa. Keke ɗaya muke da shi, shi yake tuƙawa in za mu tafi, ni nake tuƙawa in za mu dawo. Ranar ya sa na auna gonar sau uku, domin igiya in ta sha raɓa tana miƙewa, kuma ban san haka ba. Da muka gama muka koma gindin ɗorawa, sai ya tambaye ni gonar ta wace ce. Na faɗi sunan mutumin da muka tarar yana sassabe a ciki. Ya ce in koma in sake dubawa.

Na koma na zagaya ban ga komai ba. Sai ya tashi ya nuna mini. Gefe uku na gonar gamba ce ta kewaye su, tsohuwar gamba mai kaurin gindi, irin wadda kakanni suka dasa don ta zama iyaka. Gefe na huɗu babu gamba, kwari ne kawai mai ɗan faɗi tsakanin huɗa da huɗa. Sannan a cikin gonar babu ƙaramar bishiya ko ɗaya, babu lalle, babu zogale, alhali ta sha takin gida har ƙasarta ta yi duhu. Ya ce in na ga mutum yana kula da gona haka amma bai dasa ice a cikinta ba, to ta aro ce, domin mai aro ba ya dasa abin da zai wuce damina. Ya ce kuma in na gane, in riƙe a cikina. A littafi sunan mai noman zan rubuta, tunda shi zai zuba takin, sai in sa ɗan ɗigo a gefen sunan. In littafin ya je ofis, ogan da ke can ya san ma'anar ɗigon.

Ku da kuka taso a birni ba lalle ne ku san yadda ake aro a nan ba. Ƙasarmu a cike take. Daga bayan gida gona ce har bayan gidan wani, babu daji, babu saura. Wanda gonarsa ta fita daga hannunsa ba shi da inda zai je ya sara sabuwa. To, in haka ta sami mutumin kirki, ba ya roƙo, kuma ba a ce masa an ba shi. Mai gona ne zai same shi shi kaɗai ya ce wani ɓangare ya fi ƙarfinsa bana, ya taimaka ya riƙe masa. Shi kuma ya ce to, zai gwada. Daga ranar mutane za su fara kiran wurin da sunansa. In kaka ta yi ya kai dami ɗaya gidan mai gona a matsayin gaisuwa. Kowa ya sani, ba wanda ke faɗa. 'Ya'yansa za su yi aure a matsayin 'ya'yan manomi mai gona.

Haka Tukur ya sami gonar bayan gawo. Tasa ta gado ta tafi ne a shekarar da matarsa Hajara ta yi doguwar jinya a asibiti a Kano. Bazarar da ta biyo baya Baba Inuwa ya same shi ya ce ƙafarsa ba ta kai shi ƙarshen gonarsa, wurin da ke bayan gawo yana neman lalacewa. Tukur ya riƙe shi shekara goma sha ɗaya. Ban taɓa ganin gona a hannun mai aro da ta yi kyau kamarta ba. Da jaki yake kai mata taki tun rani, tsibi-tsibi. Yana shuka gyaɗa a kan huɗa, ya gitta mata gero a gicci, ya sa wake daga baya. In na je dubawa sai ya jingina da garma ya ce ga malamin igiya nan ya zo koya wa manoma noma, shi da bai taɓa cika rumbu ba. Ni kuma in ce masa ai kakarsa ma a gidanmu ta koyi cin tuwo. Wasan taubasai ne, tun muna yara muke yi.

Shekarun da suka zo daga baya masu wuya ne. Taki ya yi tsadar da ƙaramin manomi ba ya ko tambayar kuɗinsa, ruwa kuma ya riƙa zuwa a makare yana ɗaukewa da wuri. A cikin haka aka kawo wani shiri na tallafin taki da iri. Aka tara mu a Kano kwana uku aka ba kowa waya. Aka ce an gaji da 'yan siyasa da ke cusa sunayen 'yan'uwansu, da masu rubuta gona ɗaya sau biyar. Yanzu na'ura ce za ta zaɓa, ba ta san kowa ba, ba ta da ɗan'uwa. Gaskiya na ji daɗin maganar, domin na ga buhunan da aka rubuta da sunan matattu. Aikinmu shi ne mu bi iyakar kowace gona da ƙafa, wayar tana zana ta, mu ɗauki hoton manomin a tsaye a ciki, mu amsa tambayoyin da ta yi. An nanata mana cewa mu bi tabbatacciyar iyaka.

Gonar Baba Inuwa na yi ta ran Talata. Na bi gamba kamar yadda aka ce, tun daga bakin hanya har na zagaya bayan gawo na dawo. Gandu ne babba, 'ya'yansa uku da iyalansu duk a ciki suke ci. Wayar ta zana shi tsaf, har lanƙwasar da iyaka ta yi don kauce wa suri.

Ran Alhamis na zo kan Tukur. Da a ce da igiya nake, ni da shi kaɗai ne za mu je. Amma waya sabon abu ce, mutane suna bina gona-gona suna leƙen yadda take zane. Mun kai mutum goma sha biyar a wurin, har da Baba Inuwa da ya zo da sandarsa ya zauna a gindin gawon. Na zagaya, na ɗauki hoto, Tukur yana cewa in gyara masa hanci a ciki. Sai wayar ta kawo tambaya: gonar mallakarsa ce, ko haya ce. Gurbi biyu ne kawai, kuma ba ta wucewa gaba sai an taɓa ɗaya. Wani da ke leƙe ta kafaɗata ya karanta tambayar da ƙarfi. Tukur ya sunkuya yana cire ƙaya daga takalminsa.

Baba Inuwa ya ce mini daga inda yake zaune, “Ya'u, me kake jira? Rubuta tasa ce.”

Na taɓa mallaka. Na san zanen biyu za su hau juna, ban manta da Talata ba. Amma a raina na ɗauka kamar littafin Malam Garba ne, cewa a ɗaya bakin akwai mutum da zai ga abin ya kira ni ya tambaya, in yi masa bayani a hankali. Shekara talatin haka nake aiki. Ban tsaya na tambayi kaina ko akwai mutumin ba.

Ranar da sunayen suka fito, kafin in isa gari labari ya riga ni, domin kowane manomi an aika masa nasa saƙon, kuma dokar aiki ta ce in manna takardar duka a ƙofar dagaci. Da hannuna na manna ta. Baba Inuwa mutum ne da ake kira in za a raba gado ko a sasanta rikicin iyaka. Ga sunansa a bango, kalmar maguɗi a gefensa, masu wucewa suna tsayawa suna karantawa. Wasu suka ce ai na'ura ba ta ƙarya. Ba da mugunta suka faɗa ba, abin da aka gaya musu ke nan tun farko, kuma ni na gaya musu.

Washegari na shiga motar Kano. A ofishin shirin na sami wani saurayi mai ladabi, ya ba ni kujera, ya kira ni Baba. Ya buɗe kwamfuta ya nuna mini zanen biyu, ƙarami a cikin babba. Ya ce duk inda gona biyu suka hau juna, tsarin yana cire su duka, ba ya jiran kowa. Na yi masa bayanin aro tun daga farko. Ya ce ya sani, shi ɗan Minjibir ne, mahaifinsa ma akwai wanda ke riƙe masa wani ɓangare. Na ce to ya gyara. Ya juyo mini da kwamfutar ya nuna mini cewa babu inda zai taɓa, shi ma kallo yake yi kamar ni. Na tambayi wanda ke sama da shi, ya ce shi ma haka. Waɗanda suka haɗa abin ba a Kano suke ba, bai taɓa ganinsu ba. Hanya ɗaya ce: a kawo takarda daga dagaci, da shaidu, mai faɗin wane ne ainihin mai gonar, a ɗauki hotonta a tura.

Baba Inuwa na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Na faɗa masa yadda muka yi. Bai ɗago ba har na gama. Ya ce, “Shekara goma sha ɗaya bakina bai ce ba tasa ba ce. Ba zan fara saboda buhun takin kamfa ba.” Na ce ba buhun ba ne kaɗai, akwai sunansa. Ya ce waɗanda suka san shi sun san shi. Amma da na fito na ga manyan 'ya'yansa biyu a waje, sun ji komai, kuma sun san geronsu zai yi ɗorawa-ɗorawa don rashin taki. Gaisuwar da suka yi mini ce ta gajarta.

Ban gaya wa Tukur maganar takardar ba. Ban san wanda ya gaya masa ba. Ran Juma'a bayan la'asar, mutane suna zaune a ƙofar dagaci kamar yadda aka saba, sai ga shi ya zo da babbar riga, wadda yake sawa in za shi ɗaurin aure. Ya gaida dagaci, ya gaida jama'a, bai zauna ba.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, gonar bayan gawo ba tawa ba ce. Ta Baba Inuwa ce, aro ya ba ni. Ni ba ni da gona a garin nan, ko taku ɗaya. A rubuta, in sa hannu.”

Ba wanda ya dube shi. Dagaci ya ce an ji. Baba Inuwa ya dogara sandarsa ya tashi ya tafi gida. Ni na rubuta takardar a kan gwiwata, Tukur ya dangwala yatsa, Liman da wani suka yi shaida. Da zai tafi ya dafa kafaɗata ya ce rubutuna har yanzu kamar sawun kaza yake. Na ɗauki hoton takardar na tura.

Amsa ba ta zo ba sai da aka gama maimai, wato noma na biyu. An mayar da sunan Baba Inuwa, amma rabon taki ya wuce, sai baɗi. Tukur kuwa, na'urar ta ɗauki takardar a matsayin ya amsa laifi. A da zargi ne a kansa. Yanzu aka rubuta cewa an tabbatar ya yi rajistar ƙarya, an hana shi shiga shirin gaba ɗaya. Na koma wurin saurayin nan na ce ni na taɓa gurbin da yatsana, Tukur bai ce komai ba, in akwai mai laifi ni ne. Ya rubuta abin da na faɗa ya tura. Ya ce gaskiya bai san ko akwai mai karanta irin waɗannan ba.

Girbin shekarar bai yi auki ba a ko'ina. Tukur ya yanke geronsa, ya ɗauki dami ya kai gidan Baba Inuwa kamar kullum, ya ce ya dawo da gona, ya gode. Baba Inuwa ya ce har yanzu ta fi ƙarfinsa, ƙafar ma ta ƙara lalacewa. Tukur ya ce a da in ya shiga gonar nasa aikin yake yi, yanzu in ya shiga kowa ya san sadaka yake ci. Baba Inuwa ya ce ba wanda ya ce haka. Tukur ya ce ai shi ya faɗa da bakinsa a gaban dagaci.

Rajistar shekara ta biyu ita ce aikin da ya fi mini nauyi a duk aikina, kuma ba a yi faɗa ko sau ɗaya ba. Tun kafin in fara zagaye, masu gona suka riƙa karɓe abin da suka ba da aro. Ba wanda ya ce saboda waya ne. Sai a ce yara sun girma, suna bukatar wuri. Na san wata tsohuwa da ke noma kuɓewa da gyaɗa a kusurwar gonar maƙwabcinta tun rasuwar mijinta, shekarar aka ce mata ta huta haka nan. Wasu ba su karɓe ba, amma sun mai da aron haya, domin haya tana da gurbi a wayar. Na riƙa bin iyakoki ina ganin sabuwar gamba da aka dasa a inda a da kwari ne kawai. Ban ga laifinsu ba. Sun ga abin da ya sami Baba Inuwa, kuma kowa yana da bakunan da yake ciyarwa. Zanen shekarar ya fito tsaf, babu gona ɗaya da ta hau wata. An yaba mini a ofis.

Tukur bai ga wannan ba. Tun da sanyi ya shigo ya tafi yankin dam ɗin Watari ƙwadago a gonakin rani, yana dashen tumatir da ban-ruwa, yana kwana a bukka a bakin magudanar ruwa, mutum mai shekara kusan sittin. Na je wurinsa sau ɗaya. Na same shi cikin laka har ƙauri. Ya ce in zo in auna masa ruwan dam da igiyata tunda ba ni da aikin yi. Muka ci rogo a bakin hanya. Da zan hau babur ya tambaye ni, ba cikin wasa ba, ko an gyara maganar nan. Na ce ina kai. Ya ce ba takin yake so ba, kalmar yake so a cire. Bayan sati biyar aka kawo shi gida a mota da zazzaɓi mai zafi. Kwanansa biyu. Allah ya jiƙansa.

Na ajiye aiki bayan damina ta gaba. Abin da zan bar muku kaɗan ne. Kada ku fara zagaye ranar da kuka isa gari. Ku je ku gaida mai unguwa, ku yi yawo a gonaki hannu a aljihu, ku dubi inda gamba take da inda babu. Tambayar wane ne mai gona ba a yin ta a gaban mutum na uku. In wayar ta kawo muku gurbi biyu, gaskiyar kuwa ba ta shiga ko ɗaya, kada ku taɓa wanda ya fi kusa don a wuce wurin. Ku kashe ta, ku ce caji ya ƙare, ku koma ofis ku faɗa tun kafin a tura. Mai yiwuwa a yi muku faɗa. Kuma kada ku ce wa manomi na'ura ba ta kuskure. Awonta daidai ne. Abin da ba a sa mata ba ne ba ta sani ba, kuma ba ta tambaya.

Baba Inuwa ya hana 'ya'yansa taɓa gonar bayan gawo. Damina uku ke nan tana zaune, ciyawa ta rufe ta, ita kaɗai a duk faɗin wurin. An rufe shirin farko, wani shirin ya gaje shi, ya gaji sunayen da ke ciki. Bara Hajara ta je rajistar tallafin iri na mata da wayar da Tukur ya bari, aka ce lambar tana da matsala, ta dawo hannu wofi. Na rubuta takarda sau uku. Saurayin Minjibir ya bar wurin, wadda ta maye gurbinsa ta ce sunayen da aka gada ba a hannunsu suke ba. Ta huɗu na gama rubuta ta tun kaka, Liman da dagaci sun sa hannu. Har yanzu ban san wanda zan kai wa ba, kuma sunan Tukur yana nan yadda suka rubuta shi.